Ɗan Kallo Ma Yana da Aikinsa

'Ya'yana, in Allah ya haɗa ku zama da dattijai biyu ko uku waɗanda suka yi kallon wasan daɓe a ƙuruciyarsu, ku kasa kunne ku ji yadda hirar take tafiya. Da wuya ku ji wani ya ɗauko labarin wasa tun daga farko ya kai shi ƙarshe. Abin da za ku ji shi ne, "Ka tuna daren da gemun alƙali ya faɗo ana tsakiyar shari'a, ya sunkuya ya ɗauka, ya ce wa mai ƙara ka ga abin da ƙaryarka ta jawo?" Ɗayan ya ce, "Haba, ai ina bencin gaba." Sai su yi ta dariya har da share hawaye. Wani ya tuno ruwan saman da ya kece ana cikin wasa amma babu wanda ya motsa. Wani ya tuno tsohuwar da ta miƙe daga cikin taro ta wanke mugun miji tas, sai da aka riƙe ta aka ce, "Iya, wasa ne fa." Sau da yawa sunan wasan ma ya ɓace musu. Daren ne ya zauna musu, da mutanen da suka zauna tare.

Na san abin da kukan faɗa a zuci in mun fara irin wannan hira: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ban ƙi ba. Ba kuma zan ce muku komai na zamaninmu ya fi naku ba, don ba haka ba ne. Fitilunmu ba su da haske, wanda ya makara sai dai ya ji murya bai ga fuska ba, kuma an yi wasanni marasa daɗi da yawa waɗanda Allah ya rufa musu asiri aka manta da su. Abu ɗaya nake so ku karɓa daga wurinmu. A gaban daɓe muka koyi cewa ɗan kallo ma yana da aikinsa, in kuwa bai yi aikin nan ba, wasa ba ya tashi.

Tun kafin a gina makarantar boko a ƙasar Hausa mun san wannan. Ku dubi tashe. Azumi ya kwana goma, yara su fito bayan shan ruwa, wannan ya liƙa auduga a haɓa ya zama Tsoho da Gemu, wancan ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau Mai Magani, 'yan mata su shirya Mairama da Daudu. Ba dandamali, ba labule, tsakar gida ce ko ƙofar zaure. Amma in matan gida ba su yi guɗa ba, ba su tsoma baki suna tsokanar tsohon ba, jikin yaran yakan yi sanyi ko da an cika musu ƙwarya da hatsi. A fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki kan yi shigar sarki da hakimai da fadawa su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, masu abin suna zaune suna kallo, wanda aka taɓa ya yi murmushin yaƙe ya je ya gyara. A karkara bayan kaka samari su yi kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alƙali. 'Yan kama su tsaya a gidan biki su karkatar da kowace magana ta koma zancen tuwo da miya. A duk waɗannan, mai yi yana ganin idon mai kallo.

Da makarantu suka zo sai wasa ya hau takarda. Rupert East, Baturen da ya jagoranci hukumar talifi a Zariya, ya fitar da ƙaramin littafin wasanni shida na Hausa a shekarun 1930 domin 'yan makaranta. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni, sunan ɗaya daga cikinsu kaɗai ya isa ya nuna muku inda ya dosa: Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Mutumin da daga baya ya jagoranci jam'iyyar NEPU, da wasa ya fara gwada yadda ake faɗin gaskiya mai ɗaci jama'a suna dariya. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa. Shu'aibu Maƙarfi ya kawo Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya kawo Uwar Gulma, Umaru Ɗanjuma Katsina ya kawo Kulɓa Na Ɓarna a 1979. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma, sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan daɓe kafin Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Yawancinku don jarrabawa kuka san littattafan nan: a haddace jigo, a haddace zubi da tsari, a lissafo 'yan wasa. Mu kuwa da yawansu a tsaye muka fara ganinsu, suna tafiya suna magana.

Bari in gaya muku yadda ake yi a makarantun kwana. Ƙarshen zango, ko ranar raba kyaututtuka, sai a kwashe kwanuka daga ɗakin cin abinci, a harhaɗa tebura a ɗaure ƙafafunsu da igiya, dandamali ya samu ke nan. A ɗinke barguna a rataya a waya, a sa yara biyu su riƙa ja, labule ya samu. Fitilar gas mai famfo guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da wani yaro da ba shi da aiki duk daren sai ba su iska in sun fara lumshewa. Babbar rigar Alhaji daga wurin hedimasta ake arowa, rawanin alƙali daga malamin Arabiyya, shi kuwa ya yi ta jan kunne kada a ja masa shi a ƙasa. Gawayi ne gashin baki, alli ne furfura. A bayan labule ga wani a tsugune da littafi yana raɗa wa wanda magana ta ɓace masa, wani lokaci raɗar ta fi muryar ɗan wasan ƙarfi. A makarantar maza, maza ne ke fitowa a mata. Akwai wani siririn yaro da aka taɓa ba shi dillaliya a makarantarmu. Ya ɗaura zani, ya kafa kallabi, ya shigo da ƙullin kaya a ka yana sallama da irin muryar nan mai ja. Matan gari da aka gayyato suka yi ta gardama kan ko 'yar gidan wa ce, har aka tashi wasunsu ba su yarda namiji ba ne. Ashe duk hutun da ya wuce goggonsa ya yi ta lura da ita.

To ga inda aikin ɗan kallo yake. Ɗan wasa yana magana, amma kunnensa yana wurinku. In ya jefa magana dariya ta tashi, dole ya dakata, ya bar ta ta kai inda za ta kai, ta fara sauka, sannan ya jefa ta biyu kafin ta mutu. In ya yi gaggawa dariya ta cinye masa magana, in ya yi jinkiri wuri ya huce. Babu malamin da zai koya masa wannan a aji. Jama'a ce ke koya masa, a daren, yana tsaye. Shiru ma haka yake. Na ga an yi Uwar Gulma a ɗakin da ya cika maƙil, aka zo inda Halima ke kukan wulaƙancin da Hayatu yake mata, ɗakin ya yi tsit har kana jin hucin fitila. Yaron da ke fitowa a Halima ya ji shirun nan, sai ya sassauta murya, ya rage sauri, abin da bai taɓa yi ba a wurin gwaji. Mu muka ba shi, shi kuma ya mayar mana. Washegari aka sake wasan ga 'yan ƙananan aji, suka yi ta ƙyalƙyala dariya don sun gane wanda ya ɗaura zanin, sai wasan ya koma wani abu dabam, alhali ko kalma ɗaya ba a sauya ba. Fim kuwa, ko kun yi kuka ko kun yi barci, haka zai wuce abinsa.

A cikin gari kuma akwai ƙungiyoyi. Malaman makaranta ne da akawuna da teloli da 'yan kasuwa, in an tashi aiki a haɗu a wani ajin firamare bayan la'asar a yi gwaji har magariba. Mata kaɗan ne, kuma waɗanda suka shiga sun sha surutu. A Kano an yi ƙungiyar Maitama Sule, an yi Tumbin Giwa, an yi Gyaranya, sauran manyan garuruwa ma kowa da nasa. Yawanci ba su da rubutaccen wasa kalma bi kalma. Shugaba ya zayyana labari, a raba shi fitowa-fitowa, a ce kai ne uban yarinya, ke ce kishiya, kai ne boka, kowa ya cika bakinsa da abin da ya sani na zaman duniya. Shi ya sa Hausarsu take da gishiri, habaici da karin magana da baƙar magana suna fitowa yadda suke fitowa a bakin kasuwa. Shi ya sa kuma mafi yawan wasannin suka tafi da masu su.

Wanda bai taɓa shiga gidan wasan laka na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ba, ina ba shi shawara ya je ko da ba a wasa ranar. A tsakiyar shekarun 1970 aka gina shi, lokacin da Michael Etherton ke kafa koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara shi, magina na gargajiya suka ɗora shi da ƙasa. Zagayayyun ɗakuna ne da katanga ta haɗa, fili a tsakiya. Ba a ɗaga ɗan wasa can sama an bar ka a ƙasa cikin duhu ba. Yana iya ɓullowa ta bayanka, ya wuce ta gefenka har rigarsa ta taɓa ka. Kana kallon wasa kana kuma ganin fuskokin waɗanda ke zaune ɗaya ɓangaren, dariyarsu tana ƙara taka. A ganina wanda ya tsara wurin nan ya fahimci tsakar gidan Bahaushe fiye da waɗanda suka gina mana manyan ɗakunan taro masu kujeru a jere, inda ba ka ganin komai na maƙwabcinka sai ƙeya.

Daga sashen wasan kwaikwayo na jami'ar ne malamai da ɗalibai, irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa fitar da wasa ƙauyuka. A 1977, ana cikin shirin gwamnatin Obasanjo na ciyar da ƙasa, aka yi Wasan Manoma a yankin Soba. A zauna da manoma a ji damuwarsu, ta taki ce ko ta gona, a mayar da ita wasa a nuna a dandalin gari. Daga baya aka je Maska da Bomo, abin ya yi ta gaba har akan tsayar da wasa a tsakiya a tambayi jama'a, to yanzu me ya kamata mutumin nan ya yi? Manomi ya taso ya shigo fili ya nuna da kansa. Nan kam ɗan kallo ya tashi daga mai taimako ya zama mai wasan.

'Yan'uwanmu na Nijar sun riƙe abin da muhimmanci ƙwarai a wancan lokaci. A zamanin mulkin Seyni Kunce unguwanni suna da samariya, manyan garuruwa suna da gidajen matasa, ana kuma yin bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke karawa da juna a waƙa da rawa da teyatur, wato wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Damagaram, wadda Yazi Dogo, malamin makaranta, yake cikin jagororinta, ta yi suna har wannan ɓangaren iyaka. Gwamnatin soja ce, tana son a yi wasa kan abin da ita take so a faɗakar, amma 'yan wasa sun san yadda za su saƙa tasu maganar a ciki, jama'a kuma sun san inda za su yi dariya. Gane abin da aka nufa ba tare da an furta ba, shi ma yana cikin aikin ɗan kallo.

Ba wanda ya tashi da gangan ya kashe wasan daɓe. Gidajen talabijin ne, tun daga na Kaduna da ya buɗe a 1962, suka jawo gwanaye suka kai su unguwa-unguwa: Usman Baba Pategi da Samanjansa, Kasimu Yero da Karambana, Ɗanjuma Katsina da Kasagi, can Jos ga Karkuzu. Da Kano ta buɗe gidan talabijin na CTV a farkon shekarun 1980 sai ƙungiyoyin gari suka samu wata ƙofar. Ko a lokacin ma kallon taro ne, don akwati ɗaya ne a layi, a fito da shi ƙofar gida yara su zube a ƙasa. Sai a 1990 Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Kano. Wanda zai sha wahalar gwaji wata guda saboda dare ɗaya, ya ga zai iya yi sau ɗaya a gaban kyamara a sayar har Agadas da Kumasi, wa zai ga laifinsa? Ga tsadar rayuwa, ga fitar dare ta zama abin tsoro a garuruwa da yawa, ga makarantu sun mayar da hankali kacokan kan jarrabawa, ɗakunan taro kuma sun koma na bikin aure.

Amma ku lura da tsofaffin 'yan fim. In ana hira da su sai ku ji sun ce, "Mu daga daɓe muka fito." Ba cika baki ba ne kawai. Ku dubi yadda suke riƙe doguwar fitowa ba a yanke ba, da yadda suke sauraron abokin wasa da gaske maimakon jiran lokacin da za su faɗi tasu. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma daga ƙungiyar wasa ya taso, ya san daidai inda dariya za ta faɗo domin ya sha jin ta da kunnensa. Masu sha'awar fim a cikinku, na kuwa san kuna da yawa, ku fara tsayawa gaban mutum hamsin masu rai tukuna. Nan za ku koyi jefa murya ta kai bangon baya ba tare da ihu ba, ku koyi abin da za ku yi da hannuwanku in ba ku ke magana ba, ku koyi jure rashin dariya a inda kuka sa ranta, ku ci gaba.

Sauran kuma, roƙona gare ku shi ne ku je. Wasan bai mutu ba, lungu dai ya koma. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo a Samaru suna yi, na Jami'ar Bayero suna yi, na Jos suna yi. Ƙungiyoyin ɗaliban Hausa in suna Makon Hausa ba sa rasa wasa, Islamiyyu ma in ana walima yara kan yi 'yar fitowa. In kun ji labari ku ja abokai, ku ja ƙannenku. In an ce a biya a ƙofa ku biya. Na san halinmu: wanda zai sa katin waya bai ji komai ba, in aka ce ga ɗan kuɗin shiga sai ya fara neman wanda ya sani a bakin ƙofa. Kuɗin nan shi ne man janareta, shi ne hayar kujeru, shi ne kuɗin motar yarinyar da ke zuwa gwaji daga nesa.

In kun zauna, ba na cewa ku kame baki. Akwai tsoma bakin da ke ɗaga wasa: salati in an yi abin mamaki, "Allah ya isa" in an cuci maraya, guɗa in an ɗaura aure. Akwai kuma na mai son a san ya zo, wanda ke kiran ɗan wasa da sunansa na gida, ko ya riga shi faɗin ƙarshen magana don ya taɓa gani. Na farko yana cikin wasan, na biyu ƙwace shi yake son yi. In yaro ya manta magana ya tsaya yana rarraba ido, kada ku yi masa ihu. Ku ba shi ɗan lokaci, tafi kaɗan ma yakan dawo masa da hankali. Wanda aka yi wa ihu a fitowarsa ta farko da wuya ya sake hawa, kuma ba ku san wanda kuka kora ba.

Sai maganar waya. Ba na gaba da ita, da ita nake jin muryar jikokina. Amma na je wasa a 'yan shekarun nan na ga sahun gaba duk hannuwa a sama, kowa yana kallo ta cikin gilashin wayarsa. Yaran suna jefa magana, dariyar tana zuwa a makare kuma ba ƙarfi, domin mai ɗauka yana tsoron hannunsa ya girgiza. Ɗan wasa ya duba bai ga ido ko ɗaya ba. Abin da aka ɗauka ɗin kuma, ku faɗi tsakaninku da Allah, sau nawa kuka koma kuka kalla? Murya ba ta fita, hoto yana rawa, hular wani ta rufe rabi. A wakilta mutum ɗaya ya kafa kyamara a gefe saboda tarihi, sauran kowa ya sa tasa a aljihu.

In kuna son wayar ta yi aiki mai amfani, ga shi. Akwai tsofaffi a unguwanninku da suka yi wasa a da, yanzu wani tela ne, wani ɗan fansho, ba wanda ya san ya taɓa tayar da ɗaki guda tsaye. Ku je ku gaishe su. Kada ku ce su ba ku tarihin wasan kwaikwayo, za su ce ba su sani ba. Ku tambaye su daren da ba sa mantawa, daga nan sauran za su biyo: wace ƙungiya, ina ake gwaji, wa ke fitowa a wa. Ku tambayi iyayenku mata, don su suka fi riƙe maganganun. Wasu suna da tsofaffin hotuna a ƙasan adaka, da takardar gayyata da aka buga da tafireta. Ku ɗauka, ku rubuta sunaye tun masu gane fuskokin suna raye. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Allah ya jiƙansu. Waɗannan sanannu ne, an yi hira da su an adana. Ɗimbin da ba su taɓa shiga talabijin ba fa?

Ba duk abin da aka yi a zamaninmu za ku gada ba. Wasannin da sun cika neman dariya da gurgu da makaho da mai in'ina, da kwaikwayon Hausar wanda ba Bahaushe ba don a nuna shi wawa. Barkwanci tsakanin taubasai da tsakanin ƙabilu abu ne mai tushe, amma yana da ƙa'ida: wanda ake tsokana yana da bakin ramawa. A gaban daɓe kuwa ba shi da wannan dama, yana zaune cikin taro kowa na waiwayensa. Wanda ya cancanci a yi dariyarsa shi ne maci amana, da mai tauye mudu, da alƙalin da ke karɓar na goro, da irin Alhajin Kulɓa Na Ɓarna mai ruɗin 'yar makaranta da kuɗi. Can Malam Aminu da Shu'aibu Maƙarfi suka auna.

Iyaye kuma in sun nuna damuwa kada ku ɗauke su marasa wayewa. Dare suke tsoro, da cuɗanya, da abin da ba su gani da idonsu ba. Maganinsa a yi komai a fili. Ku sa wasa bayan la'asar a tashi kafin magariba, ku kai wa mai unguwa da liman gayyata da ƙafarku, ku ware wa mata wuri mai kyau inda za su gani sosai, ba can baya ba, yara a shimfiɗa musu tabarmi a gaba. Uban da ya zauna ya ga 'yarsa ta fito a uwar gida mai hankali jama'a suna tafa mata, shi zai fara tambayar yaushe za a sake.

Abin ba ya cin kuɗi da yawa. Ku nemi izinin hedimasta a ba ku aji ko farfajiya. Ku ɗauki abin da ke damun unguwarku, rikicin layin famfo ne, ko tsadar lefe, ko yaran da ƙwaya ke ɗauka, ku raba shi fitowa biyar ko shida, kada ya wuce awa ɗaya. Lokacin gwaji ku sa wani ya tsaya can ƙarshen fili, duk maganar da bai ji ba ya ɗaga hannu a sake. Ku kuma shirya yin sa sau biyu, ko a unguwa biyu. A na farko za ku gane inda jama'a ke dariya da inda suke hamma, ku yanke abin da ya yi tsawo, ku buɗe wurin da suka nuna suna son ƙari. In kun sa rana ku aiko mini, in ƙafa ta yarda zan zo. A dai ajiye mini wuri a kusa, don kunnen ya fara nauyi.